A Leƙa Ƙarƙashin Mota Kafin A Yi Mata Lodi A Kwanar Gafan

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, arzikin manomin rani a Kura da Bunkure da Garun Malam a kan mota yake rataye. Ruwa dai an yi masa tanadi tun da daɗewa. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, aka ja babbar hanyar ruwa da rassanta zuwa Kadawa da kewaye da niyyar shayar da hekta 22,000 a kashin farko na aikin, daga baya aka damƙa kulawa a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Da hanyoyin ruwan suka cushe da yashi da ciyayi, aka ciwo bashin Bankin Duniya ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, don a yashe su a gyara. Duk wannan ɗawainiya a bakin gona ta tsaya. Tumatirin da aka tsinka da safe kuwa ba ya jiran kowa, kuma tun da masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta sha rufewa da buɗewa, har gobe kaso mai tsoka na amfanin sai ya hau mota ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, ko ya nufi Ibadan da Anacha da Fatakwal. Ra'ayina shi ne motar da famfon manta ya yi tsatsa yana yoyo bai kamata a ɗora mata ko kwando ɗaya ba sai an yi mata gyara na gaskiya, kuma waɗanda ya kamata su tsaya kai da fata a kan haka su ne shugabannin kasuwa da na manoma da na direbobi, a wurin lodi.

A yawancin motocin kaya masu shan fetur da aka ƙera daga shekarun 1990 zuwa yau, irin a-kori-kurar da ke kwaso kwanduna daga gona zuwa bakin titi, famfon mai a cikin tanki yake. A saman tankin akwai wani faifan ƙarfe da ya rufe baki, da zoben roba a ƙarƙashinsa. Ta jikin faifan bututun da ke kai mai inji ya fito, da wayoyin wuta, a ƙarƙashinsa kuma famfon ke rataye tare da ragar tace datti da ƙwallon da ke yawo a kan mai yana motsa allurar da direba ke gani a gabansa. Matsin man da ke cikin wannan bututu ya fi na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota, saboda haka ƙofa komai ƙanƙantarta feshi take yi da zarar an murɗa makulli. A manyan motoci masu shan gas, su DAF da MAN da kanta, tsarin ya ɗan bambanta: ƙaramin famfo ne ke zuƙo mai daga tanki ya bi ta filta ya miƙa wa injekta. Idan bututun zuƙa ya huje a nan, sau da yawa ba a ganin ɗigo mai yawa, iska yake sha. Mota ta fara cijewa a kan tudu, ta ƙi tashi da asuba, yaron mota ya yi ta bugun famfon hannu yana fitar da iska, ana ta zargin batir ko injekta alhali ciwon yana can saman tanki inda ido ba ya kaiwa.

Tsatsa tana cin mota ko'ina, amma aikin da mota ke yi a wannan yanki kamar an tsara shi ne don a ciyar da ita. Da damina motar na kutsawa cikin taɓon hanyoyin gona, taɓon ya zauna a kan faifan ya riƙe danshi makonni. Da an shiga shirin noman rani sai ta koma dakon taki, yuriya da NPK, waɗanda garinsu ke zubowa ta tsagar katakon bodi, ga shi kuma taki yana jan danshi yana cin ƙarfe. Sai lokacin tumatir ya zo, a jera kwanduna wani kan wani, na ƙasa su matse, ruwan tumatirin mai tsami ya yi ta tsiyaya a kan abin da taki ya riga ya raunana. Kada a manta yawancin motocin nan da kayan gyaransu 'yan Beljiyam ne, daga ƙasashen da ake barbaɗa gishiri a titi lokacin ƙanƙara suka zo, wato da ciwonsu suka iso. Ta cikin tanki ma akwai ɓarna. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya haura 1,000 a ƙarshen 2024, gas kuwa tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi, direbobi kaɗan ne ke iya cika tanki. Tankin da rabinsa iska ce yana yin gumi a ciki idan zafin rana ya ba sanyin dare wuri, ruwan ya gangara ya kwanta ƙarƙashin mai, daidai inda famfo ke zuƙa. Famfon lantarki kuma man da yake nutse a ciki ne ke sanyaya shi, in ana yawo da ɗan kaɗan kullum sai ya yi ta zafi. A ƙara da man 'yan bumburutu da ke kwana a jarkoki da durom marasa murfin kirki. Ko man gidan mai ba kullum yake da tabbas ba: a Fabrairun 2022 hukumomi da bakinsu suka amsa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima, sinadarin da ke jan ruwa yana lalata roba da ƙarfe.

Abin da aka saba yi idan yoyo ya bayyana kowa ya san shi. A goga sabulu a bakin ƙofar. A kwaɓa gam mai haɗi biyu a shafe. A yanko robar tsohon tub a naɗe bututun tamau. In abin ya ƙi, a ɗaura jarka a bayan kan mota a jawo tiyo kai tsaye zuwa inji, a bar tankin da halinsa. Ba na raina waɗannan dabaru, domin sun sha fitar da direba daga dajin da kwana a cikinsa hatsari ne, kuma bakaniken da ya tayar da mota da tsakar dare a hanyar Mokwa da abin da ke hannunsa ya cancanci yabo. Inda aka ɓata shi ne da dabarar fita daga daji ta zama ita ce gyaran. Gam ba ya kama ƙarfen da ke marmashewa, ba ya kuma kama wurin da mai ya jiƙa, ga girgizar hanya da zafi suna ɓamɓare shi a hankali. Ƙofar da aka gani ma alama ce kawai, domin tsatsar da ta huda wuri ɗaya ta riga ta siranta kewayensa duka. Robar tub kuwa mai yana kumbura ta ta saki. Mafi muni shi ne kai tanki wurin mai walda a kan cewa ai an juye man. Tankin da aka juye ya fi cikakke hatsari, saboda tururin mai gauraye da iska ne ya cika shi, kuma shi ne ke fashewa da tartsatsi ɗaya.

Gyaran gaskiya ba shi da wani sirri, kuma kanikawan Kura da na cikin birni da yawa sun iya shi in an ba su lokaci da kaya. A cire kan batir, a sauke matsin da ke cikin bututu, a tsiyaye man a mazubi mai murfi nesa da wuta da sigari da janareta. A sauke tankin ko a ɗaga bodi, a wanke saman faifan tas kafin a buɗe, don kada dattin shekaru ya zuba ciki. A sa burushin ƙarfe a gani: in tsatsar a fata ta tsaya, a kankare a shafa fenti mai hana tsatsa, in ta yi rami, ko ta ci gindin bututu inda ya haɗu da faifai, to faifan ya gama aiki, a canza shi gaba ɗaya. Zoben roba sabo ake sawa ko da tsohon yana da kyan gani, domin wanda ya taɓa matsewa ba ya komawa yadda yake. Tiyo ya zama na mai wanda ke jure matsi, kada a yanko na ban ruwa don yana kusa. A ɗauraye cikin tankin, a canza filta, a duba wayoyin da ke kan faifan ko sun yi kore ko sun goge. Sannan a murɗa makulli a tsaya a duba ko wani wuri zai jiƙe, kafin a mayar da bodi. Aikin wuni ɗaya ne, in ya yi tsawo wuni biyu.

To me ya sa ba a yi? Saboda wanda zai biya kuɗin gyaran daban, wanda asarar rashin gyaran ke faɗa wa daban. Mai mota yana gida yana jiran balas. Direban da ya ce, «Alhaji, famfon nan fa sai an canza shi,» ya san amsar da zai ji: «Malam, lallaɓa ta ka je ka dawo tukuna, yanzu kasuwa ke ci.» In ya matsa, akwai wasu direbobin a tasha da ke jiran makulli. Motar ta ɗauki kaya ta mutu bayan Jebba. Mai mota zai yi asarar kwana biyu da kuɗin bakanike, amma motarsa na nan. Tumatirin da ya wuni biyu a rana cikin kwando, a watan da zafi ke neman digiri 40, shi ba ya dawowa. In manomi ne ya aika da kayansa a sayar masa, asarar tasa ce kai tsaye. In ɗan kasuwa ne ya saya, sau da yawa bashi ya ɗauka ko rabin kuɗi ya bayar, sai ya bugo waya ya ce kaya sun lalace, a yi haƙuri. Gobe kuma ya rage tayi don ya cike gurbi. Ko ta ina aka bi, lissafin kan manomin da ya biya kuɗin ruwa da iri da taki da feshi da 'yan tsinka yake sauka, shi da bai taɓa ganin saman tankin ba. Akwai kuma asarar da ba ta jiran mota ta mutu. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa, in aka lissafa, lita 2 zuwa 4 ne a kwana guda gwargwadon girman ɗigon, kuma wannan man a cikin kuɗin dako ake cusa shi.

Wannan ne ya sa nake cewa maganin yana wurin lodi. Babu motar da ke ɗaukar kayan gwari a Kwanar Gafan ko a sauran wuraren tara kaya na yankin ba tare da ta bi layi ta hannun 'yan kamasho da ƙungiya ba. Wanda ke da ikon ba da layi yana da ikon hanawa. Binciken da nake nufi bai wuce mintuna kaɗan ba: a tsayar da mota a busasshen wuri, a bar inji yana aiki, a shimfiɗa kwali ƙarƙashin tanki da inji, bakaniken da ƙungiya ta amince da shi ya leƙa da tocila ya shinshina, ya duba ko akwai jarka da tiyo, ko gam, ko naɗin roba. Wadda aka samu da yoyo ta fita daga layi har sai ta gyara, ta dawo ta karɓi gurbinta ba tare da tara ba. Wanda ke shakkar ƙarfin ƙungiyoyin nan ya tuna ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Motoci suka tsaya cak, tumatir ya yi tsada a Legas, ya faɗi warwas a nan. Kowa da yadda yake kallon wancan mataki, amma ya nuna abu biyu a fili: ƙungiya na iya hana lodi in ta so, kuma duk ranar da mota ba ta isa ba, manomi ne ke fara jin jiki.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni, duk wani ƙarfe da ke kasuwar kayan gyara ta Kofar Ruwa ya bi ta, kuma mai mota ɗaya tilo da ita yake ciyar da gida ba ƙarya yake ba in ya ce ba shi da shi a hannu. Amma a auna kuɗin faifai da zobe da tiyo da ladan bakanike a gefe ɗaya, a ɗaya gefen a sa kuɗin kwanduna ɗaruruwa da tirela ke ɗauka a tafiya guda. Ba su kusa da juna. Matsalar ta lokaci ce: kuɗin gyara yau ake nemansa, ribar kuwa sai an je an dawo. Irin wannan giɓi mutanenmu sun daɗe da sanin yadda ake cike shi, da adashi da asusun ƙungiya. Daga abin da ake karɓa a kan kowane lodi a ware wani kaso a ba mai mota rancen kayan gyara, a riƙa cirewa daga tafiye-tafiyensa na gaba. Dokar hana lodi in ba ta zo tare da wannan ba, masu ƙaramin ƙarfi kawai za ta kora ta bar wa masu motoci goma fili, kuma ba zan goyi bayanta a haka ba.

Za a kuma ce sabon kaya ma jabu ne, gara tsohon na asali da faci a kan sabo da zai mutu cikin wata biyu. Wannan ƙorafi yana da tushe, duk wanda ke harkar mota ya san an cika kasuwa da famfunan da kwalinsu ya fi cikinsu kyau. Sai dai abin da ya huje yawanci faifai ne da bututu, famfon kansa yana iya kasancewa lafiya lau. Ana iya samun faifai mai kyau a mayar da famfon asali a kansa. In ɗan Beljiyam za a saya, a juya shi a duba gindin bututun da idon basira, don kada a musanya tsatsa da tsatsa. Kuma ƙungiyar da ke sayen guda ashirin a lokaci ɗaya tana da bakin da za ta ce wa mai shago ya karɓi abinsa in ya mutu, abin da direba ɗaya ba zai iya ba.

Direbobin manyan motoci suna da tasu hujjar: gas ba fetur ba ne, ko ashana ka jefa masa ba lallai ya kama ba. Haka ne, gas sai ya yi zafi sama da digiri 50 kafin ya fitar da tururin da zai kama wuta, fetur kuwa ko a sanyin hunturu a shirye yake, tururinsa ma ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi ya taru ƙarƙashin mota. Amma salansa da jikin inji bayan awanni goma a hanya sun wuce digiri 50 nesa ba kusa ba, kuma gas da ya jiƙa busasshen kwando da ciyawar da ake rufe kaya da ita ya samu lagwani. Ko wuta ba ta tashi ba, gas da ya zuba a kwalta santsi ne ga mai babur da ke biye, wanda ya zuba a bakin hanyar ruwa inda ake wanke motoci kuwa gonar wani zai shiga. Jama'ar wannan shiyya ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan mai da wuta bayan abin da ya faru a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jigawa a Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu. Tankar mai ce ta faɗi a can, ba famfo ne ya yi yoyo ba, amma kasuwar da motoci ke jere gab da juna, ga masu shayi da masu tsire da wutarsu, ba wurin da za a yi sakaci da warin fetur ba ne.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta masu cewa wannan aikin jami'an duba lafiyar motoci ne da Hukumar Kiyaye Haɗurra da aka kafa tun 1988, kuma duk wani sabon bincike a ƙasar nan ƙarshensa ya zama wata ƙofar karɓar na goro. A Ingila, motar da ke yoyon mai ba ta tsallake binciken shekara-shekara, kuma hukuma ce ke tsaye a kan haka. Da namu tsarin yana aiki yadda ya kamata, da ba a kai ga wannan magana ba. Amma jami'in da ke bakin titi yana tsayar da mota ne bayan an yi lodi, lokacin da tsarewar kanta ke ruɓar da kaya, shi ya sa direba da mai kaya duk suka gwammace su miƙa wani abu su wuce. A wurin lodi kuwa motar ba komai a kanta, fitar da ita daga layi ba ya lalata kwando ko ɗaya, akwai wata a bayanta. Tsoron cin hanci kuma ana rage shi ne da wanda aka sa a wurin. In wakilin manoma yana tsaye, daga ƙungiyar masu noman tumatir ko ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da aka ƙarfafa a zamanin TRIMING, to akwai mutumin da kayansa ko na maƙwabcinsa ne za su hau motar, kuma da wuya a saye shi da abin da bai kai kuɗin kwando ɗaya ba. Kada a sa tara, kada a yanka rasit. In babu kuɗin da ke canza hannu a wurin binciken, abin da za a ci ya ragu.

Na yarda cewa famfon mai ba shi ne babban abin da ke cinye tumatirin Kano a hanya ba. Kwandon da ke matse kaya, ramukan titi, shingayen karɓar kuɗi, da rashin motocin sanyi duk sun fi shi ɓarna. Sai dai waɗannan suna jiran gwamnati ko masu jari, wasunsu an shekara ashirin ana maganarsu. Wannan kuwa yana hannun mutanen da ke haɗuwa a kasuwa ɗaya kowace safiya. Lokacin yinsa ma sananne ne: Nuwamba da Disamba, bayan taɓon damina ya bushe, an gama dakon taki, tumatir bai nuna ba, motoci ba su da layi mai tsawo. In shugabannin kasuwa suka sanar tun watan Oktoba cewa daga Janairu za a fara leƙawa, mai mota yana da wata biyu ya sauke tankinsa a garejin da ya yarda da shi, a farashin da ba na gaggawa ba, kanikawan Kura da Bunkure kuma su samu aiki a lokacin da suka saba zaman jira.